Ra'ayi: Kwamfuta ta san ranar shuka, amma ba ta san ranar da manomin Faskari zai iya shiga gonarsa ba

Duk shekara, tun kafin hadari ya fara haɗuwa, hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina: yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke. Bayan wannan akwai wani aikin da ba a cika jin labarinsa ba. Masana aikin gona suna da manhajojin kwamfuta, irin su DSSAT ta Amurka da APSIM ta Ostireliya, masu yin noma a cikin na'ura. Ana zuba musu bayanin ruwan sama da zafi da hasken rana na kowace rana, da irin ƙasar gonar, da halin irin da za a shuka, da ranar shuka, su kuma su lissafa yadda tsiron zai girma har girbi. Damina talatin da manomi zai ƙare rayuwarsa yana gwadawa, na'urar kan gwada su kafin shayi ya huce.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. Masu bincike na cibiyar IITA da ke Kano da takwarorinsu na Jami'ar Bayero sun yi amfani da irin waɗannan manhajoji wajen gano lokacin da ya fi dacewa a shuka masara da waken soya a Arewa. Aiki ne mai kyau, ban raina shi ba.

Matsalata da shi ɗaya ce. Lissafin yana ɗauka cewa ranar da aka ce a yi shuka, manomi zai saɓa sungumi ya tafi. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kuwa, an daɗe ba ruwan sama kaɗai ke yanke wannan hukunci ba. Duniya ta san sunan Ƙanƙara ne a Disambar 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya, amma manoman yankin sun riga duniya sanin halin da ake ciki. Wani gonarsa na bakin daji, sai ƙura ta lafa. Wani sai an tara harajin da 'yan bindiga suka ɗora wa ƙauyensu. Wani yana gudun hijira a Funtuwa, kafin ya samu ya koma ciyawa ta riga shi. Ko sulhun da ake ƙullawa nan da can bai kai mutum ya kwana da tabbacin gobe zai wuni a gona ba.

Saboda haka tambayar da ya kamata a yi wa kwamfutar daban ce: idan Yuli ya raba ban yi shuka ba, me zan zuba a ƙasa da ba zan tashi a tutar babu ba? Idan Agusta ya kama fa?

Irin wannan tambayar ce ma na'urar ta fi iya amsawa, domin babu cibiyar da za ta yi shekara goma tana makarar shuka da gangan. A nan ne wani ɗan ƙaramin koren wake da Indiyawa ke kira mung ya cancanci a duba shi. Yakan nuna cikin wata biyu da 'yan kwanaki, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar wakenmu, kuma manhajar APSIM ta daɗe da saninsa tunda ana noma shi a Ostireliya. A jera shi a lissafi da wake mai saurin nuna irin na cibiyar IAR ta Samaru, a gani wanne ya fi jure makara, wanne ya fi jure ruwa ya ɗauke da wuri. Gajeren zango na da wata fa'idar da ba ta cikin lissafi: kwanakin da mutum zai yi yana kai-komo a hanyar gona sun ragu, kuma wake ba ya tsayin da zai ɓoye mai bindiga kamar dawa.

Ban ce a ruga a raba wa mutane baƙon iri ba. Manhaja abin da aka ba ta take dafawa. Idan da ruwan Zariya aka yi lissafin Sabuwa, amsar ta Zariya ce. Dole a sa ma'aunin ruwan sama a waɗannan ƙananan hukumomi, ko da a harabar makarantu ne, a kuma gwada irin a ƙasa, a gonakin da ke kusa da gari, damina biyu ko uku. Sannan akwai kasuwa. Manomin da ya kai buhun koren wake Dandume aka tsaya ana kallonsa ba zai sake ba, kuma ba zan ga laifinsa ba. Wataƙila ma a gama lissafin a tarar wakenmu na gida ne ya yi zarra. To, madalla, a faɗa mana.

A faɗa kuma da Hausa, a rediyo da bakin malaman gona na KTARDA, tun watan Mayu: wanda ya shiga gona a Yuni ga abin shukawa, wanda sai ƙarshen Yuli ga nasa, ga kuma ranar da idan ta wuce gara mutum ya adana irinsa ya jira baɗi.