Buɗe bonet ba aikin makaniki kaɗai ba ne

Jama'a, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa kukan fetur yake, amma ni a ganina gareji ma yana cin aljihun masu mota ba kaɗan ba. Mutum ya sayi mota ta miliyoyi, bai san inda ake duba baƙin mai ba. Sai inji ya buga, a tura shi Ƙofar Ruwa neman wani, can kuma a ce masa dala ta tashi.

Mu dai Baba bai bar mu haka ba. Peugeot 504 gare shi, irin wadda ake haɗawa a Kaduna a lokacin. Duk Asabar kafin a tayar da ita sai ya ce, "Kai, zo ka zaro sandar mai." A goge da tsumma, a mayar, a sake zarowa, a ga ko man ya tsaya tsakanin alamomin biyu. Sai ruwan lagireto, kuma kar ka kuskura ka buɗe murfin in inji da zafi. A danna fanbel da yatsa. Filogi da burushin ƙarfe ake goge shi. Ni aikina riƙon safana mai lamba 10, wadda kullum ita ce ke ɓata!

Za ku ce motocin yanzu sai an jona kwamfuta. Haka ne, kafireta ta tafi. Amma duba mai, ruwa da canza taya har gobe da hannu ake yi. Kuma don Allah a haɗa da 'yan mata, su ma suna tuƙi har Zariya. A cikinku wa ya taɓa nuna wa 'yarsa inda ake kafa jek?