Kafuwera: Ɗiyar Afirka Ce Ko Ta Birazil?

Masana sun daɗe suna tafka muhawara a kan asalin kafuwera, wato wasan faɗan nan na baƙar fatar Birazil. Akan yi shi ne a tsakiyar da'irar mutane, 'yan wasa biyu suna rangaji suna kai wa juna hauri da shara da ƙafa, ana kaɗa musu birimbau, wani baka mai tsirkiya ɗaya da ƙoƙo a gindi.

Wasu na cewa daga Angola aka ɗauke ta ɗungurungum, suna kafa hujja da ngolo, wasan hauri na kudancin ƙasar da aka kwatanta da faɗan jakunan dawa. Hujjar tana da ƙarfi, domin bayin da 'yan sandan Riyo suka riƙa kamawa da laifin kafuwera a farkon ƙarni na 19 da yawansu daga Angola da Kwango aka kawo su. Amma kamanni ba ya tabbatar da cewa abu ɗaya ne. Abin da ya fi dacewa a ce shi ne, iri daga Afirka ya zo, ƙasar da ya tsiro kuwa ita ce bauta a biranen Birazil. A can ne kabilu suka cakuɗa, bulala ta koya musu wayo da kauce wa sara, har yaudara ta zama ƙashin bayan wasan.

Ɗalibin Hausa na iya jin kwaɗayin danganta ta da dambe, tun da Hausawa sun yi bauta a Bahiya, har suka shirya tawaye a 1807. Ya kamata ya yi hattara. Ɗan dambe da naɗaɗɗen hannu yake kisa, ɗan kafuwera kuwa sau da yawa hannunsa na ƙasa, ƙafa ce makaminsa.

Ita kanta hukumar Birazil, da ke tinƙaho da wasan, ta makara wajen karɓarsa. An soke bauta a 1888, amma dokar laifuffuka ta 1890 ta haramta kafuwera, aka riƙa ɗaure masu yin ta. Sai a 1937 makarantar Mestre Bimba ta birnin Salbado ta sami izinin hukuma, bayan ya tsara wasan darasi-darasi. Mestre Pastinha kuwa ya riƙe tsohon salo, ya buɗe tasa a 1941 da sunan Kafuwera Angola. A 2014 UNESCO ta sanya da'irar kafuwera cikin al'adun gado na duniya, da sunan Birazil.