Jinjina ga Matasan Maiduguri, Amma da Sauran Aiki

Yabon gwani ya zama dole. Wayewar garin Talata, 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya tumbatsa ya afka wa Maiduguri da Jere. Ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday, bai ƙyale fadar Shehun Borno ba, bai ƙyale Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ba. Gidan namun daji na Sanda Kyarimi ya nutse, har sai da aka gargaɗi jama'a su yi hattara da kadoji da macizai. Dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni.

A wannan rana matasan garin suka fita kunyar kowa. Ba su jira umarni ba, ba su tambayi ko nawa za a biya su ba. Wani ya goya tsohuwar da bai san ko sunanta ba, ruwa iya ƙirji. Wani ya ɗora jariri a ka cikin baho. Masu kwale-kwale suka yi ta kai da kawowa suna sauko da iyalai daga kan rufin kwano. A unguwannin da ruwa bai kai ba, iyayenmu mata suka ɗora manyan tukwane, magidanta suka buɗe zaurukansu ga baƙi. Sojoji da ma'aikatan NEMA da SEMA da 'yan agajin Red Cross su ma sun yi rawar gani. Sannunku da ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri.

Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan madatsa ta taɓa jefa Maiduguri cikin ambaliya a 1994, shekara talatin cif kafin wannan. A 2022 ambaliya ta hallaka fiye da mutum 600 a faɗin Najeriya, sannan a watan Mayun 2025 Mokwa ta Jihar Neja ta rasa fiye da 150. Kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, NIHSA kuma tana lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Gargaɗi yana zuwa. Shirin karɓarsa ne ya yi mana ƙaranci. Malamai kuwa sun sha faɗa mana cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi.

Shirin daga gida yake farawa, kuma ba sai mai kuɗi ba. Maigida ya tattara takardun fili, da shaidar karatun yara, da katin ɗan ƙasa, ya sa a leda mai kauri, ya ƙulle bakin, ya rataye can sama. Uwargida ta ware jaka guda: tocila, rediyo mai batir, maganin hawan jini ko na suga ga mai sha kullum, garin kwaki da dabino, da ƙunshin gishiri da sukari na masu gudawa, domin kwalara kan biyo bayan ambaliya. A rubuta lambobin 'yan'uwa a takarda, tunda waya tana mutuwa. A haddace 112, lambar kiran gaggawa ta kyauta. Yara su san inda za a haɗu idan aka rabu, babba ya san a kashe wutar gida kafin a fita.

Daga nan sai unguwa, kuma a nan ne nauyi ya dawo kanku, samari. Ku zauna da mai unguwa da liman ku rubuta gidajen da ke da tsofaffi, da masu juna biyu, da naƙasassu, kowane gida da wanda zai ɗauko mutanensa. Ku tsayar da tudun da za a nufa da hanyar da za a bi, ku amince cewa lasifikar masallaci ce za ta yi shela ko da tsakar dare ne. Kafin ruwan farko a yi gayyar yashe kwatoci, a kuma hana zuba shara a ciki.

Hukuma ma tana da nata. A kula da Alau da sauran madatsun ƙasar nan kafin su nuna alamar gajiya, a daina ba da fili a kan hanyar ruwa, a mayar da hasashen damina cikin Hausa da Barbarci a gidajen rediyo. Matasan nan kuma a horar da su aikin ceto da taimakon farko, a ba su rigunan hana nutsewa da igiyoyi, kada gobe su sake shiga ruwa da zuciya kaɗai.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. Mu da muka rage, mu fara shiri tun rani bai wuce ba.