An Tambayi Giram, An Manta Da Yatsa

Ranar 28 ga Yuni 1838 aka naɗa Sarauniya Biktoriya ta Ingila a cocin Westminster, tana da shekara 19. Cikin kayan sarautar da aka tanada har da zoben naɗi, na gwal mai duwatsun yaƙutu, wanda maƙeran fada suka ƙera musamman saboda ita. Sai dai an samu rashin fahimta wajen awo. Su maƙeran ƙaramin yatsa suka auna, alhali a al'adar naɗin, yatsan da ke biye da shi ake sa wa zobe. Da aka zo wurin, Akbishop na Kantabari bai tsaya wata-wata ba, ya danna zoben a yatsan da ya san ana sawa. Bayan taro ya watse sai da sarauniya ta tsoma hannu a ruwan ƙanƙara, sannan aka samu zoben ya fita da ƙyar, tana shan azaba.

To idan haka ta faru a fadar da ba a rasa kuɗi ko gwanayen maƙera ba, me zai hana ta riƙa faruwa duk mako a gidajen biki na Kano, Katsina, Maraɗi da Damagaram? A nan mai biyan kuɗin gwal daban, mai zaɓa daban, wadda za ta sa kuma ba ta wurin. Ango ya ba da kuɗi, yayarsa ko gwaggonsa ta shiga kasuwa, ko kuma a ba wata hajiya sautu idan za ta Dubai ko Umara. Amarya ba za ta ga kayan ba sai 'yan kawo lefe sun karɓi tukuici sun tafi, 'yan ganin lefe sun gama juya akwatuna. A lokacin ne, a ƙuryar ɗaki, za ta gano cewa awarwaro ya ƙi wuce gindin babban yatsa, zobe kuwa yana yawo a yatsa har dutsensa ya koma cikin tafin hannu.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon 'yan gwal ya san tambayoyin da ake yi. Giram nawa ne? Karat nawa, 18 ko 21? Na Saudiyya ne ko na Dubai, ko ɗan Italiya? Nawa giram yau? Mai saye za ta kafa wa sikeli ido, ta sa a juya mata sarƙa ta ga hatimin 750 ko 875, wato alamar karat 18 ko 21, da idonta. Wannan duk daidai ne. Amma da wuya a ji ta ce a ɗauko abin awo.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, masu haɗa lefe ba sa jin nauyin tambayar lambar takalmi. Har lambar kayan ciki ana aika ƙawa ko ƙanwa ta tambayo a asirce. Takalmin da za a yi wata shida a jefar ana aunawa, awarwaron da kuɗinsa zai sayi babur kuwa sai a ce ai hannun mata duk ɗaya ne.

Akwai dalili, kuma ba na wauta ba ne. A wurin mace Bahaushiya gwal kadara ne kafin ya zama ado. Shi ne abin da za ta ɗaga ranar da kuɗin makaranta ya taso, ko aka kwantar da wani a asibiti, ko kujerar Makka ta samu. Saboda haka hankali yana kan nauyi da kyawun ƙarfen. Farashi ma ya ƙara tura mutane can: oza ɗaya, wato giram 31.1, ta haura dala 2,000 karo na farko a watan Agusta 2020, ta haura dala 3,000 a Maris 2025. Sai dai ita kanta kadarar rashin awo yana cinta. Wadda ta mayar da awarwaron da bai shige ta ba, sau da yawa a farashin tsohon gwal za a karɓa, ko da ko sau ɗaya ba ta sa shi ba. Kuɗin aikin da aka biya wajen saye ya tafi, a cire nauyin duwatsu, sannan ta sake biyan wani kuɗin aikin a kan sabon da za ta ɗauka. An ce araha ba ta ado. Mai tsadar ma da bai shiga hannu ba, a ƙasan akwati yake ƙarewa.

Wajen sautu kuma akwai wani tarkon, domin lambar zobe ba iri ɗaya ba ce a ko'ina. Amurka tana amfani da lambobi, Ingila da haruffa, Faransa da Jamus kuma suna rubuta kewayen cikin zoben a milimita. Italiya tana cire 40 daga wannan kewayen. Ke nan yatsa ɗaya tak zai iya zama 7 a Amurka, tsakanin N da O a Ingila, 54 a Faransa, 14 a Italiya. Wadda aka ce wa "ki sayo mata lamba 7" ba tare da an faɗi na wace ƙasa ba, tana iya dawowa da zoben da ya yi wa mai shi kaɗan ƙwarai. Kuma tazarar ba ta da yawa. Lamba 6 ta Amurka faɗin cikinta milimita 16.5 ne, lamba 7 kuma 17.3. Abin da bai kai milimita ɗaya ba shi ne ya raba zoben da ya zauna da wanda zai zame a bahon wanke-wanke.

Na awarwaro ya fi rikitarwa. Shagunan Indiya da Pakistan, da shagunan Dubai masu bin tsarinsu, suna rubuta 2.4, 2.6, 2.8 ko 2.10. Mai karatun boko zai ɗauka lissafin ɗigo ne, ya ce 2.10 ne ƙarami. Ba haka ba ne. Lambar farko inci ce, ta biyu kuma kashi ne daga cikin 16 na inci. Saboda haka 2.4 yana nufin faɗin milimita 57 da ɗan ɗoriya, 2.6 kimanin 60, 2.8 kuma 63.5, sannan 2.10 ya fi su duka, yana kusan 67. Kuma ba wuyan hannu ake aunawa ba, tunda ba nan ne mashiga ba. Mace za ta haɗe yatsunta, ta lanƙwasa babban yatsa zuwa ƙaramin kamar mai shirin zura hannu, a auna wurin da ya fi faɗi. Akwai siririyar mace mai faɗin tafi, akwai mai jiki da hannunta ke lanƙwashewa ya shige ko'ina. Ido ba ya gane wannan daga hoto.

Mata sun san dabarar leda da sabulu: a zura hannu a leda, a shafa kumfa, wata ta matse tafin, wata ta tura. Yana shiga. Matsalar ita ce gwal mai karat 21 ko 22 yana da laushi, awarwaro da yawa kuma cikinsu rami ne don su yi girma a ido ba tare da nauyi ba. Irin wannan idan aka matsa masa sai ya lotsa, lotsawar kuma ba ta gyaruwa ta koma yadda take. Wanda bai san hannun da zai saya wa ba, gara ya nemi mai buɗewa, wanda ake ɗaurewa da maƙulli ko ɗan sukuru, ko ya sayi abin hannu na sarƙa da ake iya ƙara masa ko rage masa gaɓa.

Shi kansa yatsa ba ya tsayawa a awo ɗaya. Da sanyin safiyar hunturu yana tsukewa, da la'asar ɗin bazara yana cika. Hannun da aka fi aiki da shi yakan ɗan fi ɗayan kauri. Wani gaɓarsa ce babba gindin yatsan siriri, sai zobe ya sha wuya wajen wucewa, ya shiga kuma ya yi ta juyi. Zobe mai faɗi ya fi siriri kamawa ko da lambarsu ɗaya, don haka akan ƙara masa rabin lamba. Gwajin da ya fi inganci shi ne na yamma, jiki ba zafi ba sanyi: zoben ya shiga ba tare da an yi kokawa ba, wajen fita kuma ya ɗan tsaya a gaɓa sai an murɗa shi.

Amarya kuwa, kowa ya san jikin da aka kai ta da shi ba lallai ne shi za a gani bayan shekara ba. Juna biyu yana kumbura yatsu, musamman a watannin ƙarshe, shi ya sa ya fi kyau a cire zobe tun ya fara kamawa, a rataye shi a sarƙa. Idan kuwa kumburin ya zo farat ɗaya, hannu da fuska, to maganar ta wuce ta zobe, awon asibiti ya kamata a yi da gaggawa, don yana iya zama alamar hawan jinin masu ciki. Zoben da ya maƙale ana ɗaga hannu sama, a sa ruwan sanyi, a shafa sabulu ko mai, ko a naɗe yatsan da zare a warware ta ƙarƙashinsa. Da zarar yatsa ya fara canza launi ko ya daina ji, yanke zoben kawai ya rage.

A nan ne maza suka shigo. Gwal da azurfa suna yankuwa cikin sauƙi. Amma zobban da samari ke yayi yanzu, na baƙin ƙarfe mai sheƙi, na titaniyom ko tangistin, ba sa yarda a rage su ko a ƙara, na tangistin ma ba ya yankuwa da abin yanka zobe, sai dai a matse shi ya fashe. Zoben azurfa na gargajiya, irin wanda maƙeran fari ke yi a Kasuwar Kurmi ko a Agadas, ya fi su sauƙin sha'ani ta kowane ɓangare. Malaman Malikiyya sun iyakance wa namiji zobe ɗaya na azurfa da bai wuce nauyin dirhami biyu ba, kimanin giram 6, sun kuma ce irin wannan ba dole ne a motsa shi wajen alwala ba. Wasu mazhabobin suna cewa idan ya matse sai an juya shi ruwa ya shiga. Wanda zobensa ya zauna daidai bai ma shiga wannan saɓanin ba.

Masu aikin hannu kuma su tuna da Paulo Diogo, tsohon ɗan ƙwallon ƙungiyar Servette ta Suwizalan. A Disamba 2004, sabon ango ne, ya ɗare shingen ƙarfen filin wasa yana murnar ƙwallon da aka ci, da ya diro sai zoben aurensa ya maƙale a shingen ya tafi da wani ɓangare na yatsan. Alƙalin wasa ma har katin gargaɗi ya ɗaga masa. Zoben da ya zauna daidai ma yana maƙalewa, balle wanda ya bar sarari. Makanike, mai niƙa da mai walda, aljihu ya fi dacewa da zobbansu a lokacin aiki.

Sarƙa ba ta da wannan rigimar sosai. Mai santimita 40 tana kama gindin wuya, mai 45 tana sauka kan ƙashin ƙirji na sama, mai 50 zuwa 60 tana hawa kan riga. Abin dubawa shi ne kaurin wuya da yankan wuyan ɗinkin da za a sa ta da shi, kuma 'yar gaɓar ƙari a bayan wuya tana warware kusan komai. 'Yan kunne ne ba a cika yi wa adalci ba. Ana yaba su da nauyi, alhali fatar kunne ce ke ɗauka. Duk unguwa akwai dattijuwar da hudarta ta zama tsaga, wata ma ta yage gaba ɗaya sai da aka ɗinke. Manyan 'yan kunne na yinin biki ne, a cire da an dawo gida.

Yadda za a samu awon amarya ba tare da an keta kunya ba abu ne mai sauƙi. Wadda aka aika ta tambayo lambar takalmi ta karɓo zoben da amarya ke sawa a wannan yatsan, da awarwaro ɗaya da ke shigarta, ko na roba ne. A shago za a zura zoben a sandar awo, lambar ta fito nan take. Idan ba a samu ba, a yanki siririyar takarda a zagaya yatsa, a yi alama, a ɗora a kan rula. Zare yana miƙewa, yana ba da lambar ƙarya. Mai sautu kuma a rubuta mata milimita, don kowane shago a duniya zai gane ta. Haka ma wadda za ta saya a hannun masu talla a Instagram ko WhatsApp, ta ce a ɗora kayan a kan rula a ɗauko mata hoto.

Idan an riga an yi kuskure, sai teburin maƙeri. Zobe mara dutse ana iya rage shi ko a ƙara da lamba ɗaya ko biyu. Wanda duwatsu suka zagaye shi duka kusan ba ya taɓuwa. Wajen ragewa maƙeri zai sa siririn zarto ya yanke ƙasan zoben, ya cire guntu, ya haɗe bakin, ya hura wuta ya liƙe, ya goge har sai ba a ga tabo ba. Wajen ƙarawa ko dai ya sa wani guntun gwal, ko ya buga zoben a sanda ya miƙe, wanda hakan ke sa ƙasansa ya sirance. Ya kamata a tambayi wanne zai yi, da karat ɗin abin da zai liƙa da shi.

Shi kuma guntun da aka cire yana da mai shi. Zobe mai faɗin milimita 4 da kaurin milimita ɗaya da rabi, idan aka rage masa lamba biyu a awon Amurka, abin da zai fita ya kai rabin giram, wanda a farashin Maris 2025 ya haura dala 40. Wadda ta kawo gyara ta sa a ɗora zoben a sikeli a gabanta kafin a taɓa shi, a rubuta nauyin a rasit, a sake aunawa bayan an gama, sannan ta karɓi guntunta ko a cire kuɗinsa daga ladan aiki.