Wa Ke Matse Bargo a Gidanku?

'Yan'uwa matasa, ranar Lahadi mukan shigo majami'a fes, kaya a goge, fararen rigunan mawaƙa sai ƙyalli suke. Ba mu cika tambayar hannun da ya matse su ranar Asabar ba. A yawancin gidajenmu hannun Mama ne, ko na ƙanwar da ba ta kai shekara 15 ba.

Mu dai a ganinmu, matsa aikin masu ƙarfi ne, kuma ya kamata samari su karɓe shi. Cuɗa da ɗauraya kowa na iya yi a hankali, yana hutawa. Matsa kuwa ƙarfi take so. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, kuma bargo ko labule in ya jiƙe yakan sha lita da dama. Duk nauyin nan da murɗar nan a wuyan hannu, da gindin babban yatsa, da gwiwar hannu suke sauka. Wanda ya shekara 20 yana yin haka kowane mako, jijiyoyin wurin na iya kumbura, har buɗe murfin kwalba ya zama aiki. Sai mu ce wa Mama tsufa ne, mu sayo mata man zafi, Asabar ta zagayo mu bar ta da zanen gado.

Wani zai ce wanki aikin mata ne. To, ku leƙa shagon wanki da guga na unguwarku ku ga su waye a ciki. Maza ne, majiya ƙarfi. A makarantar kwana da sansanin bautar ƙasa ma babu saurayin da hannunsa ya karye don ya wanke wandonsa. Ashe sai a gida, inda ba a biya, yake zama na mata.

Abin ba wuya gare shi ba. Babban kaya mutum biyu yake so: kowa ya riƙe baki ɗaya, wannan ya murɗa dama, wancan ma ya murɗa tasa damar, ruwa ya tsiyaye a tsakiya. In kai kaɗai ne, rataya shi a ƙarfe mai ƙwari, haɗa bakin biyu, ka murɗa. Leshi da suwaita kam ba a murɗa su, lalacewa suke yi. A naɗe su cikin tawul a danna.

Matsa mai kyau tana da amfani fiye da yadda muke zato. Mutanen Jos da Kafanchan sun san watan Agusta: kayan da ba su matsu ba sai su kwana biyu a igiya, su sauko da warin danshi. In an gaji an shanya a ƙasa kuma, akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a danshin tufa, tsutsarsa ta shiga fata ta yi kamar maruru, galibi a jikin yara. Guga mai zafi ne ke kashe ƙwan.

Sai mofa da tsumman goge ɗaki. Ruwan da aka zuba wa Hypo yana cin fata, balle da hunturu da hannu ya riga ya tsage. A sa safar roba, ko a sayi bokiti mai wurin matsewa. Kuɗinsa bai kai abin da wasunmu ke zubawa a data ba. Kada a kuskura a haɗa Hypo da maganin wanke masai, iskar da ke tashi guba ce ga huhu. A matse mofar sosai kafin a goge tayil, domin santsin da saurayi zai yi ya tashi yana dariya, Kaka in ta yi shi, ƙugu ne zai karye. In an gama, a ɗauraye ta a rataye a rana, kada ta kwana cikin bokiti tana tsami.