Janaretanka yana tashi yana mutuwa? Kada ka bari a cire masa wayar baƙin mai



Yau ba saitin waya za mu tattauna ba, maganar abin da ke ba wayar caji ce. Idan kana zaune a Gwandu ko Kalgo ka sani, da zarar an ɗauke wuta wayarka tana hannun mai shagon caji, shi kuma yana hannun janaretansa.

Kwanakin baya na kai wayata caji wani shago a Kalgo, kan hanyar da ke zuwa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi. Na tarar ana fama: a ja igiya, inji ya tashi, kafin ka ƙirga biyar ya mutu. Aka kira bakanike. Ko minti biyu bai yi ba ya zare wata siririyar waya daga jikin injin, ya ja igiya, sai ga inji ya zauna daram. Aka biya shi, ana ta sa masa albarka. Na ce wa mai shagon, "Malam, don Allah buɗe murfin baƙin mai mu gani." Ma'aunin ya fito kusan a bushe.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: wannan ba gyara ba ne, kashe inji ne a hankali.

Manyan janaretoci irin su Honda, Sumec Firman da Elepaq, waɗanda ake zuba wa fetur daban baƙin mai daban, galibi suna da wata 'yar na'ura a ƙasan injin mai lura da yawan baƙin mai. Idan ya yi ƙasa sai ta katse wutar da ke zuwa fulogi, injin ya tsaya. Da gangan aka yi haka. Injin nan yana juyawa sau 3,000 a minti ɗaya kafin ya ba ka wuta daidai, kuma a yawancin masu matsakaicin girma duka baƙin man cikinsa bai fi rabin lita da ɗan ƙari ba. Ka haɗa da zafin Kebbi na watan Afrilu, da aiki tun safe har dare. Idan aka cire wayar, babu mai tsayar da shi ranar da mai ya ƙare. Zai ci gaba da gudu ƙarfe na cin ƙarfe har ya buga, kuɗin da ya kamata ka kashe kan kwalbar baƙin mai ɗaya ya koma na fistin da zobe, wani lokacin ma sabon inji.

Na san abin da bakanike zai ce: ita ma na'urar tana lalacewa. Gaskiya ne. Amma akwai tsari. Ka ajiye janaretan a wuri mai daidai, don ko gangare kaɗan yana sa mai ya karkata gefe guda na'urar ta ɗauka ya ƙare. Ka cika baƙin mai har bakin ramin. Idan duk da haka yana mutuwa, a cire wayar na ɗan lokaci don gwaji kawai. In ya zauna, an gano mai laifi, a sayo sabuwa a sa. Barin wayar tana reto ne ban yarda da shi ba.

To idan ba baƙin mai ba ne fa? Ka ɗauki wayarka ka buɗe agogon ƙirga lokaci, ka ga minti nawa injin ke yi kafin ya mutu. Wannan kaɗai yana rage maka rabin wahala.

Idan yana zama muddin cok a rufe yake, kana buɗewa ya mutu, fetur ne ba ya isa. Kusan kullum ƙaramin ramin da ke cikin kabureta ne ya toshe. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, da yawanmu mun daina cika tanki, lita ɗaya ko biyu muke saya, sau da yawa a kwalba wajen 'yan bumburutu. Tanki kullum a ƙasa yana nufin injin yana shan laka, tsatsa da ruwan da suka kwanta a gindi. Akwai ƙusa a ƙasan kofin kabureta. Ka rufe famfon mai, ka kwance ta, ka tari abin da ya fito a farar roba. In ka ga ɗigo yana kwance a ƙasan fetur, ruwa ne. Kuma ka riƙa tace mai da ƙyalle mai tsabta kafin ka zuba.

Idan kuwa yana yin minti 10 ko 20 lafiya lau sannan ya fara shaƙewa ya mutu, duba murfin tanki. Akwai ɗan rami da iska ke shiga, ƙurar hunturu tana toshe shi, mai ya daina sauka. Ka ɗan sassauta murfin ka sake tayarwa. In ya zauna, murfin ne. In bai zauna ba, kuma sai ya huce yake yarda ya sake tashi, akwai yiwuwar koyil ɗin da ke ba fulogi wuta ne yake gazawa idan ya ɗauki zafi. Nan kam a kira bakanike.

Baƙin hayaƙi da fulogi mai baƙi ƙirin, soson iska ne ya cika da ƙura. Wanke shi da sabulu, ya bushe sarai, ka ɗan shafa masa baƙin mai ka matse. Mutuwa da zarar an jona kaya kuma lodi ne. Firij yana jan wuta ninki biyu ko uku a lokacin da yake tashi.

Masu ƙaramin Tiger, ku babu wannan na'ura a naku, don shi a cikin fetur ake haɗa masa mai. Awon da aka saba shi ne kashi 1 na mai cikin 50 na fetur, wato mililita 20 a kowace lita. Masu zubawa da ido "don inji ya ji daɗi" su ne kullum fulogi ke mutu musu, salansa ya toshe da toka.

Wannan ciwo ba namu kaɗai ba ne. A Amurka akwai manyan motocin yawon buɗe ido masu ɗaki da kicin a ciki, da janareta a jikinsu, galibi ƙirar Onan. Nasu daga tankin motar yake shan mai, kuma an ɗaga bakin tiyonsa yadda zai mutu idan mai ya sauka kusan kwata, don kada ya shanye man ya bar direba a daji. Mutum zai kwance kabureta ya canja fulogi, alhali gidan mai kawai ya kamata ya je. Ɗayar matsalarsu ajiyewa ce: fetur ya daɗe a kabureta ya zama danƙo, shi ya sa kamfanin ke ba da shawarar a kunna shi awa biyu kowane wata da rabin lodi. Kai ma da ka rufe naka a ɗaki wata biyu saboda wuta ta ɗan gyaru a Gwandu, abin da zai same ka ke nan. Kafin ka ajiye shi, rufe famfon mai ka bar shi ya ƙone na cikin kabureta har ya mutu da kansa.

Duk lokacin da kake wannan gwaji, cire wayoyin mutane daga soket tukuna. Inji mai hawa da sauka wutarsa ma hawa da sauka take, caja mai araha ba ta jurewa. Kuma a waje za ka yi gwajin, nesa da taga. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari, ta sha kashe iyali guda suna barci.