Kada mu sayi kwamfuta a kan maganar mai shago kaɗai

A kasuwar Birnin Ƙonni ko ta Badagishiri, babu magidancin da zai biya kuɗin rago bai buɗe bakinsa ya duba haƙora ba. Mai sayen albasa a Galmi ma sai ya sa an zazzage buhu ya ga na ƙasa. Amma idan aka zo kan kwamfuta, sai ka ga uba ya ƙirga kuɗin da ya tara daga noman rani ya miƙa, don kawai mai shago ya nuna masa wata ƴar takarda da aka manna a jikinta ya ce, "Alhaji, wannan Core i7 ce." Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma ina ganin lokaci ya yi da malamai da iyaye za su daina shi.

Kwamfutocin da ke hannun malamai da ɗalibai a Ƙonni da Malbaza da Illela, da yawansu na hannu ne. An yi aiki da su shekaru a ofisoshin Turai ko Amurka kafin su iso mana, wasu ta Kano da Sakkwato, wasu ta Yamai. Sayen ta hannu ba aibi ba ne, shi ne daidai ƙarfin aljihunmu. Matsalar ita ce ba a gane lafiyarta da ido. Akwai kuwa manhajojin gwaji na kyauta da ke auna ta kamar yadda tiya ke auna hatsi, kuma ana iya ɗora su a filashi a yi aiki da su ko babu intanet.

Abu na farko shi ne ƙwaƙwalwar kwamfutar. Manhajar CPU-Z tana nuna cikakken sunanta, kuma a nan ne zancen "i7" ke rushewa. Kamfanin Intel yana fitar da su ne zubi-zubi. Core i7-2620M ta 2011 ce, cibiyoyin aiki biyu gare ta. Core i5-8250U kuwa ta 2017 ce, tana da huɗu, kuma ta fi waccan sauri nesa ba kusa ba, ko da yake "i5" aka rubuta mata. A irin waɗannan lambobi, adadin farko bayan ɗan layin shi ne zubin. Wannan yana da muhimmanci yanzu, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma galibi daga zubi na 8 zuwa sama take karɓa.

Na biyu, rumbun ajiya. CrystalDiskInfo tana faɗin awa nawa rumbun ya yi yana aiki, ta kuma nuna lafiyarsa da launi: shuɗi lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuwa a bar wa mai shago kayansa. Ƴar'uwarta CrystalDiskMark tana auna sauri. Tsohon rumbu mai faifai yakan karanta megabait 100 ko kusa da haka a daƙiƙa, irin na SSD na yau da kullum kuwa wajen 500. Wannan bambancin ne ke sa wata kwamfuta ta tashi nan take, wata kuma malami ya tsaya gaban ɗalibai yana jiranta.

Na uku, batir. Windows da kanta tana da umarnin powercfg /batteryreport, wanda ke fitar da lambobi biyu: cajin da batirin ke ɗauka lokacin da ya fito daga masana'anta, da wanda yake ɗauka yau. Idan na biyun bai kai rabin na farko ba, to a cire kuɗin sabon batir daga farashi. Duk wanda ya ga yadda muka sha duhu bayan Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023 ya san batir ba ado ba ne a nan.

Na huɗu, zafi, kuma shi ne aka fi mantawa. A watan Afrilu da Mayu zafin jihar Tawa yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe fanka. Idan ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kusa digiri 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Shi ya sa kunnawa ta minti biyu a shago ba ta nuna komai. A sa Cinebench R23 ta yi gwajinta na minti 10, a buɗe HWMonitor ana kallon zafin. Wadda ta mutu ko ta sheƙe a wannan ɗan lokaci ba za ta kai ɗalibin Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ƙarshen rubutun kammala karatunsa ba.

Na san za a ce wannan aikin masana ne, uban da bai yi lakwal ba ina zai fara? Gaskiya ne, shi ya sa nake ɗora nauyin a kan malamai. Kowace makarantar sakandare ba ta rasa malami ɗaya ko biyu da suka iya kwamfuta. Su haɗa waɗannan manhajoji a filashi ɗaya, iyaye su san cewa akwai wanda zai raka su shago. Kwamitin kula da makaranta kuma, idan zai sayi kwamfuta da kuɗin da iyaye suka tara, ya sa sakamakon gwajin a cikin takardun saye kamar yadda ake sa rasit. Dukiyar jama'a ce.

Za a kuma ce lamba ba ita ce komai ba, kuma na yarda. Malamin da aikinsa rubuta jarrabawa da lissafa makin ɗalibai ba ya bukatar kwamfutar da ta fi kowa maki. RAM mai gigabait 8 da SSD da batir mai rai sun ishe shi. Gwajin ma shi ne zai hana a tsorata shi ya biya kuɗin ƙarfin da ba zai yi amfani da shi ba. Haka kuma manhaja ba za ta gaya maka harafin da ya maƙale ko allon da ya yi tabo ba, wannan sai ka danna da yatsarka ka duba da idonka.

Ban ce masu shago macuta ba ne. Da yawansu su ma a dunƙule suke saro kayan, ba su san tarihin kowace ɗaya ba. Ɗan kasuwa mai gaskiya gwajin nan riba ne gare shi, domin kayansa mai kyau zai sayu da daraja. Wanda ya hana ka rabin awa ka gwada abin da za ka zuba wa kuɗin shekara, ka yi masa sallama ka leƙa shago na gaba. Sayen nagari dai, mai da kuɗi gida ne.